Tawada a Fuskar Superman

A daminar 1978, ina ɗan shekara tara, na yi wa Yayana wata ɓarna da har yau nake koyon darasi a cikinta.

A Fagge gidanmu yake, cikin Kano. Yaya yana makarantar kwana, kuma duk hutun da ya dawo, abin da muke ɗoki ya fi tsarabar alewa: ƙasan akwatinsa na ƙarfe. A nan, ƙarƙashin bargo da kakin makaranta, yake jera littattafan zanen nan da muke kira komik. Wasu ya sayo wajen masu baza tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari, wasu musaya ya yi da 'yan ajinsu. Yawancinsu ba bango. Wani farkon labarin ya yage, wani kuma ƙarshensa ya riga ya tafi ƙunshin ƙosai. Duk da haka a wurinmu dukiya ce.

Ranar da abin ya faru, hadari ne ya haɗo aka tashe mu daga makarantar allo da wuri. Na shigo soro da allona da kurtun tawada, na tarar Yaya ya fita ya bar akwatin a buɗe. Na zaro ɗaya. Ga Superman a tsakiyar shafi, ya miƙa hannu gaba yana keta gajimare, jar alkyabbarsa tana kaɗawa a bayansa. Na daɗe ina kallonsa. Ƙarfinsa nake so, tashinsa nake so, amma a gidanmu babu mai irin fuskarsa, a makarantarmu ma babu. Sai na tsoma alƙalamin gamba a kurtu, na fara daga goshi.

Tawadar allo ta zuge da ƙaro ce, don itace aka yi ta. Takardar komik kuwa irin ta jarida ce, shan ruwa gare ta. Kafin in kai haɓa tawada ta malale, ta cinye idanu, ta cinye hanci da baki, ta ɓulla ta bayan shafin. Abin da ya rage shi ne jikin sadauki, da dunƙulen baƙi a inda kai yake. Baƙin Superman bai samu ba, farin kuma ya tafi.

Da Yaya ya shigo ya ga aika-aikar, na saddaƙar zan sha duka. Ya ɗaga littafin, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Kai, me ya kai ka?"

Na ce, "Yaya, so nake ya zama irinmu."

Ya yi shiru har na ji saukar ruwa a kan kwano. Can ya ce, "Ai ba a fuska ake zama irin mutane ba. Bari a yi isha, zan nuna maka namu."

Da aka idar da salla muka taru a soro, mu shida ko bakwai, fitilar ƙwai a tsakiya. Yaya ya buɗe Spider-Man. Turancinmu bai kai mu karanta maganganun da ke cikin 'yan da'irorin nan ba, don haka shi ne bakinmu, shi ne kunnenmu. Yakan ɗora yatsa a kan zane, ya karanta a zuci, sannan ya ɗago ya ba mu da Hausa. Tun a shafin farko ya raɗa masa suna: Gizo. Mu kuwa wa zai gaya mana Gizo? Da shi da Ƙoƙi aka yaye mu. Mai wayo ne, mai baki, ƙaramin da ke kayar da manya da dabara. Sunan ya zauna daram.

Yaya ya ce mana wannan yaro maraya ne, a hannun ɗan'uwan babansa ya tashi. Na tuna har gardama aka yi a kan ko kawu za a ce da tsohon. Yaya ya yanke hukunci: tunda sunan gidansu ɗaya, Parker, to baffa ne. Matar baffa ta zama Inna. Mai gidan jaridar da Gizo ke sayar wa hotuna ya zama Alhajin jarida, mai faɗa, mai hannun jarirai. Sannan ya zo kan abin da ya sa soron ya yi tsit: ranar da ɓarawo ya gifta ta gaban yaron, yana da ƙarfin da zai tare shi amma ya ce ba ruwansa, kuma wannan ɓarawon ne daga baya ya kashe Baffa. Tun daga ranar yaron bai ƙara ganin ana cuta ya kau da kai ba. Ga kuɗin haya, ga kuɗin maganin Inna, ga rigar da ta yage shi zai zauna ya ɗinke da allura.

Wa a cikinmu bai san maraya ba? Wa bai san gidan da mai haya ke buga wa ƙofa a ƙarshen wata ba? Ga shi kuma rigar Gizo ta rufe shi ruf, ko farcensa ba a gani. Washegari muka samo tsohuwar safa muka huda mata idanu, muka dinga hawa katanga muna dirowa. Babu wanda ya nemi kurtu.

Ba wai ba mu taɓa ganin baƙin jarumi a takarda ba. A akwatin Yaya akwai ragowar mujallar African Film, mai labarin Lance Spearman, ɗan ƙwalisa mai malafa da kwat, wanda da hotunan mutane na gaske ake shirya shi. Akwai kuma Powerman, da aka fara sayarwa a Najeriya a 1975: baƙin sadauki mai tashi sama, kowane zane da lambarsa don kada mai karatu ya ɓata hanya. Ranar da na fara ganinsa ƙirjina ya cika, wannan ba zan musa ba. Daga baya na san cewa a Ingila aka zana shi, kuma waɗanda suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, sun zama manya a sana'ar. Hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba, tawadarsu ba ta malale ba. Amma da Yaya ya zo ba mu labarinsa, bai sami abin kamawa ba. Ban tuna masa baffa ba, ban tuna masa unguwa ba, ban tuna abin da ke hana shi barci ba. Mun yi alfahari da shi, amma Gizo muke roƙo a maimaita mana.

A aji shida na firamare muka karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, littafin da ya fito tun shekarun 1950. Wannan kam babu mai shakkar namu ne. Yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, Allah ya ba shi lafiya da ƙarfi, ya hau dokinsa Ƙwalele ya tafi yi wa Sarki Waldima na birnin Kib yaƙi. Mun sha musu a kan inda Kib take. Wasu suka ce can gaba da Katsina ne, tunda marubucin mutumin Ingawa ne. Sai da na shiga jami'a na gano cewa Iliya mutumin Rasha ne. Ilya Muromets sunansa a waƙoƙin gargajiyarsu, wanda ya yi shekara 33 a kwance kafin ya miƙe. Waldima shi ne Vladimir, Kib kuwa birnin Kyiv ne, babban birnin Yukiren a yau. Na zauna a ɗakin karatu riƙe da baki. Malam Ahmadu bai ko ɓoye sunayen sosai ba, amma ya sa wa mutumin harshenmu da ladabinmu, har dokinsa ya shiga bakin Hausawa ya zama abin kwatance. Kafin shi, Alhaji Abubakar Imam ya yi irin wannan aiki a Magana Jari Ce tun 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus, ya rina su a marinarmu har ba mai gane asalin farin ƙyallen. Ashe sauya wa jarumi ƙabila tsohuwar sana'a ce a gidanmu.

Shi ya sa da gardama a kan haka ta ɓarke a Amurka ban ji ta baƙuwa ba. A 2003 aka ba Michael Clarke Duncan, baƙi, matsayin Kingpin, bos ɗin fim ɗin Daredevil, alhali a komik Bature ne. Da aka sanar cewa Idris Elba, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne mahaifiyarsa 'yar Ghana, shi zai fito a Heimdall a fim ɗin Thor na 2011, wata ƙungiya ta masu fifita farar fata ta yi kiran a ƙaurace wa fim ɗin, wai gwarzon tatsuniyar mutanen arewacin Turai ba zai zama baƙi ba. A 2015 Michael B. Jordan ya sha zagi a intanet saboda ya fito a Johnny Storm, yaron nan mai kamawa da wuta na Fantastic Four, har sai da ya rubuta martani a mujalla. Masu ƙorafin cewa suke yi ba a sauya wa tuwo suna: yadda aka zana shi tun farko, haka za a bar shi.

Ɗana na fari ne ya warware mini wannan magana, bai ma san ya yi ba. Wajen 2012 ne, yana kusan shekarun da nake lokacin tawada, muna kallon Avengers a faifai. Mutumin da ya fi burge shi shi ne Nick Fury, mai ido ɗaya da doguwar baƙar riga, wanda Samuel L. Jackson ke fitowa a matsayinsa. Bayan 'yan kwanaki muka je gaida Yaya, na roƙe shi ya buɗe mana tsohon akwati. Na laluɓo wani komik da Fury ya fito a ciki kamar yadda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙire shi: Bature, da furfura a gefen kai, da sigari a baki. Yaron ya ƙura masa ido, ya ga abin rufe idon, ya gane shi. Sai ya ɗago a fusace ya ce, "Baba, wa ya mayar da shi Bature?"

Yaya ya yi dariya har da tari. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. A wurin yaron nan, Jackson ne asali, Baturen ne jabu. Haushin da ya ji shi ne dai haushin da masu ƙorafin nan na Amurka ke ji. Abin da kowa ke kira asali, sau da yawa, fuskar da ya fara gani ce yana yaro. Marvel, masu buga komik ɗin, da kansu ne suka sake zana Fury da kamannin Jackson a jerin The Ultimates na 2002, tun kafin ya fito a ƙarshen fim ɗin Iron Man a 2008, kuma ga shi tsara guda ta tashi ba ta san wani Fury ba sai shi.

To me ya sa tun farko kusan dukkansu farare ne? Zamanin da aka haife su za a tambaya. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, Captain America a 1941, Spider-Man a 1962, duk kafin dokar 1964 da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a a Amurka. Waɗanda suka ƙirƙire su ma, da yawansu 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani ne da suka san ɗacin zama bare. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu a birnin Cleveland, su suka yi Superman, baƙon da ya zo daga wata duniya yana ɓoye ko shi wane ne. Jack Kirby sunansa na yanka Jacob Kurtzberg, Stan Lee kuma Stanley Lieber. Kasuwar lokacin ba ta da wurin baƙin sadauki. Sai a 1966, shekara 28 bayan Superman, Black Panther ya bayyana. Falcon ya biyo a 1969, Luke Cage a 1972, Storm a 1975. Farin yawancin na farkon nan riga ce da zamani ya ɗinka musu, kuma riga ana cire ta.

Amma akwai waɗanda asalinsu ƙashin bayan labarin ne, in ka zare shi sai gawa. T'Challa, wato Black Panther, sarkin Wakanda ne, ƙasar Afirka da Turawa ba su taɓa mallaka ba. Ka mai da shi Bature, ka rushe Wakanda. Magneto Bayahude ne da ya tsira daga sansanin Auschwitz, duk zafin zuciyarsa daga can ya taso. Steve Rogers, wato Captain America, ma haka: rundunar sojan Amurka a ware take har 1948, ba yadda za a yi a 1941 gwamnati ta ɗauki baƙin soja ta mai da shi fuskar ƙasa. Marvel sun san da haka, shi ya sa a 2003 suka ba da labarin Isaiah Bradley, baƙin sojan da aka yi gwajin maganin da ya ba Captain America ƙarfi a jikinsa sannan aka jefa shi kurkuku aka binne sunansa, labarin da ke tuna wa mutum gwajin Tuskegee da aka yi a kan baƙaƙe daga 1932 zuwa 1972. Nick Fury kuwa shugaban 'yan leƙen asiri ne mai taurin kai da ɓoye-ɓoye. Wannan hali ba shi da launi. Tambayar da nake yi ke nan a duk lokacin da aka sauya wani: riga aka cire masa, ko ƙashi aka zare?

Akwai masu cewa in dai adalci ake so, to a bar kowa ya fito a matsayin kowa. Ai an yi hakan shekara da shekaru, gefe ɗaya ne kawai ya ci riba. A 2016 ma, tsohon malamin Doctor Strange, wanda a komik mutumin Tibet ne, aka ba Baturiya Tilda Swinton, kuma a 2021 shugaban sashen finafinan Marvel, Kevin Feige, ya amsa cewa da sun nemi wata hanyar da ta fi. Mai garke in an ɗauki akuya ɗaya a garkensa, da wanda akuyarsa ke nan tilo aka ɗauke, ba asara ɗaya suka yi ba.

Duk da haka ba na raina ƙorafin kowa, in dai daga ƙauna ya fito ba daga ƙiyayya ba. Da fim ɗin Amina ya fito a Netflix a 2021, na zauna kallo da murna, sai na ji Sarauniyar Zazzau tana ba mayaƙanta umarni da Turanci. Na san dalilin kasuwa, na kuma ga wahalar da aka sha. Amma wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, irin wanda ya tsaya wa ɗana a gaban akwati. A daren na fahimci cewa mutumin da ya girma da wani jarumi, yarintarsa yake karewa. Na kuma lura cewa ba fuskar kowa ce ta dame ni ba. Harshen ne. Maganar Yaya ce ta dawo: ba a fuska ake zama irin mutane ba.

Wanda ya fi kowa gane wannan, a ganina, shi ne Miles Morales, sabon Spider-Man. Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka ƙirƙire shi a 2011, fim ɗinsa na zane ya fito a 2018 ya kuma ci kyautar Oscar. Ba su ɗauki Peter Parker sun shafa masa tawada ba. Sabon yaro suka gina tun daga tushe: ɗan Brooklyn, ubansa baƙi ɗan sanda, uwarsa 'yar asalin Puerto Rico mai haɗa masa Turanci da Sifaniyanci in tana sallamarsa, ga makarantar kwana da aka kai shi ba ya so, ga zanen bango da yake yi a ɓoye. Sannan ga ɗan'uwan babansa, wanda ya fi shaƙuwa da shi, wanda ya bi hanyar banza, aka harbe shi a gaban idon yaron. Da muka kai wurin nan, 'yata ƙarama ta matso ta riƙe mini hannu. Ni kuwa na koma soron Fagge. Baffa ne ya sake mutuwa. An sauya unguwa, an sauya harshe, an sauya fuska, amma ƙashin yana nan inda yake. Aikin Malam Ahmadu Ingawa ke nan, aikin Yaya ke nan a gaban fitilar ƙwai.

Yaya ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Bayan sadakar bakwai matarsa ta aiko mini da akwatin, ta ce ya sha faɗa cewa nawa ne. Gara ta ci rabi. A can ƙasa, cikin wata tsohuwar ambulan, na tarar da shafin nan shi kaɗai, an yanke shi da reza a tsanake. Alkyabbar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, amma dunƙulen tawadar yana nan baƙi ƙirin kamar jiya aka shafa. Shekara arba'in da wani abu yana ajiye da shi.

Na daɗe ina juya shi a hannu. Ban ga laifin yaron da ya yi wannan ɓarna ba. Abin da ya nema haƙƙinsa ne: ya buɗe littafi ya ga mai kama da shi yana tashi sama. Duk yaron da ya ga Fury ko Heimdall ya ji ƙirjinsa ya cika, ya sami abin da na nema a ranar ban samu ba, kuma ina taya shi murna. Sai dai kama da wane ba ta wane. In za a ba mu jarumi, a ba mu shi da gidansu, da wanda ya raine shi, da abin da ke hana shi barci. In kuwa ba a ba mu ba, mun gaji masu yi. Ga matasa irin su Roye Okupe, da ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Amina, sun riga sun kama hanya.

Jiya da daddare aka ɗauke wuta. Jikana na farko, ɗan shekara biyar, ya zo da rigarsa mai zanen yanar gizo a ƙirji ya haye cinyata, ya ce in kunna masa a waya. Na ce waya ba caji, amma na san labarin. Ya ce, "Kaka, da Hausa?" Na ce da Hausa. Na gyara masa zama, na ce ga ta nan ga ta nanku. Ya ce ta zo mu ji ta. Na ce, wani maraya ne, a hannun baffansa ya tashi, ana ce masa Gizo.